Sukarin Baƙi

Gari bai gama wayewa ba Lai'atu da mahaifinta suka shiga ƙaramar bas daga Bukuru, sanyin damina yana ratsa mayafinta. Baba Jang ya haɗiye ƙwayar maganinsa da ruwa tun a gida, kamar yadda yake yi kullum tun da aka ce yana da ciwon sukari. Kunun accan da ta dama masa kuwa ko kallonsa bai yi ba.

"Baba, ko kurɓa ɗaya."

"Sun ce kada in sa komai a baki sai sun ɗebi jini. Na ce musu to."

Likitocin wani asibiti a Jos ne ke binciken yadda ƙwayar ke sauke sukari a jikin waɗanda ciwon ya kama bayan sun manyanta. Robert ne ya kawo maganar gidansu. Robert mai awon jini a asibitin, mai tattausar murya, wanda ya taɓa tako ruwan sama har Bukuru don kawai ya kawo mata littafi. Ranar ya durƙusa gaban Baba ya ce za a riƙa duba masa ido da ƙafa da ƙoda, ba za a bari ciwon ya cinye shi a ɓoye ba. Lai'atu tana bayan labule tana ji, zuciyarta kamar ta fito ta durƙusa kusa da shi.

Sun tarar da dattawa jere a kan benci a barandar ɗakin awo. Malam Datti, wani mahauci daga unguwar Abatuwa wanda zaman layin nan ya haɗa su abota, ya matsa ya ba su wuri.

"Mutumin Bukuru! Har yanzu kana nan? Na zaci tururuwa sun kwashe ka saboda zaƙi."

"Kai za su fara ɗauka, sarkin fawa, ga zaƙi ga kitse."

Benci ya ɗauki dariya. Sai Robert ya fito cikin farar rigarsa, ya gaida Baba har ƙasa, ya saci kallon Lai'atu, sannan ya sanar. Yau akwai baƙi daga ƙasar waje, su ne ke tallafa wa binciken, kuma babban likita yana so su ga yadda ake ɗibar jinin da idonsu. Saboda haka kowa ya ɗan yi haƙuri, suna hanya.

Aka yi haƙuri. Hantsi ya dubi ludayi aka ce an kai su ganin duwatsu. Can aka ce sun tsaya ɗaukar hoton tafkunan da haƙar kuza ta bari. A ƙarshen barandar aka kafa tebur, aka shimfiɗa farin ƙyalle, aka jera kofunan tangaran da butar shayi da biskit, da wani kwanon gilashi cike da ƙwayoyin sukari. Duk wannan a gaban mutanen da rabonsu da abinci tun jiya.

Rana ta kusa tsaka Lai'atu ta ga gumi na tsattsafowa a goshin mahaifinta, a wannan sanyi na Jos. Hannunsa na rawa a kan gwiwa. Ta taɓa ganin haka sau ɗaya a gona, ranar da ya sha ƙwayar ya manta da abinci, sai da aka ɗura masa zuma ya dawo hayyacinsa.

"Malam, kai ba ka jin komai?" ta tambayi Datti.

Ya sunkuyo ya rage murya. "'Yata, ni na san halin masu farar riga. Waina biyu na aika ciki a tasha. Babanki ne ke ɗaukar maganarsu kamar daga sama ta sauko."

Ta miƙe ta shiga ɗakin awo ba sallama. Robert na goge kwalabe yana jera su kamar kayan ɗakin amarya.

"Ka ɗebi jininsa yanzu, ya ci abinci."

"Lai'atu, oga ya ce kada a taɓa kowa sai sun iso."

"Allurar na hannunka. Jijiyar na hannunsa. Me ya rage?"

"Ki fahimce ni. In baƙin nan ba su ji daɗi ba za a rufe binciken, kuma mutane nawa zai taimaka nan gaba? Saura kaɗan."

"Mutanen nan gaba! Ga mutum a benci, Robert. Kai ka kawo shi."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge kwalbar da ta riga ta bushe. Ta tsaya tana kallon wannan hannu da ta sha mafarkin riƙewa, ta ji wani abu ya tsinke a ƙirjinta.

Da ta komo, Baba ya jingina da bango, idanunsa sun yi nisa.

"Atine," ya ce, "kin rufe awaki?"

Atine mahaifiyarta ce, ta rasu tun Lai'atu na makarantar firamare.

Ba ta ƙara neman izinin kowa ba. Ta nufi teburin baƙi, ta sure kwanon gilashin da kofi ɗaya, ta zuba sukari a kofin ta tsiyaya shayi a kai, tana damawa da yatsa ko zafin ba ta ji. Datti ya tallafo kan abokinsa. Ta kai kofin bakinsa.

Baba Jang ya datse haƙora. Hankalinsa ya tafi, ya manta 'yarsa, ya manta matarsa ta mutu, amma bai manta ya ce to ba. Shekarunsa duka a ramin kuza ya ƙarar da su, inda in an ce tsaya sai ka tsaya ko ruwa ya kawo maka wuya.

"Ba su... ɗeba ba," ya ce ta tsakanin haƙora.

"Robert!" Muryarta ta cika barandar. "Zo ka ce masa ya sha! Kai zai ji!"

Robert ya fito bakin ƙofa. Daidai nan motar Pijo ta tsaya, babban likita ya fito da Turawa biyu, mace da namiji, abin ɗaukar hoto rataye a wuyan namijin. Robert ya dubi Lai'atu, ya dubi ogansa. Bakinsa ya buɗe. Babu abin da ya fito.

Datti ne ya kai baki kunnen tsohon, ya yi murya irin ta masu iko.

"Jang! An ɗeba, an gama. Likita ya ce ka sha, yanzu."

Haƙoran suka saki. Ya kurɓa, ya ƙware, ya sake kurɓa. Lai'atu na riƙe da kofin da hannu biyu, hawayenta na sauka a kan rigarsa. A hankali rawar hannun ta lafa, idanun suka dawo suka tsaya a fuskarta.

"Lai'atu? Me ya sa kike kuka a gaban mutane?"

Babban likita ya iso, ya kama tsintsiyar hannun Baba, ya buɗe idonsa ya duba. Ya tambaya wa ya ce tsohon ya sha ƙwayar alhali bai ci komai ba.

"Wa ya ce masa kada ya sha?" in ji Lai'atu.

Likitan ya saki hannun Baba. Ya umarci a kawo wa tsohon abinci, ya ce awonsa na yau ya lalace, sai wani mako. Sannan ya juya ga baƙin da murmushi, ya ce musu da Turanci ga irin wahalar da ake sha a nan, mutanen ba sa bin umarni. Baturiyar ta girgiza kai cikin tausayi. Namijin ya ɗaga abin hotonsa.

Lai'atu malamar makaranta ce, ta ji kowace kalma. Ta miƙe ta tsaya tsakanin abin hoton da mahaifinta.

"Ba ya bin umarni? Bin umarninku ne ya kusa kashe shi! Kuna can kuna kallon ramukan da ya haƙa, shi yana nan yana jiran ku da yunwa."

Da Hausa ta faɗa, Turancin ya ƙi fitowa don fushi. Ba wanda ya fassara. Ta ɗauki kwanon gilashin ta ajiye a hannun Robert, ta ce, "Ga sauran sukarin baƙinku."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Baba. Yana gama cin burodin da aka kawo ya cire hularsa, ya rusuna wa likita.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Yarinya ce."

Robert ya biyo su har bakin ƙofar asibiti yana kiran sunanta, yana cewa ta bari ya zo Bukuru ranar Lahadi ya yi mata bayani.

"Kalma ɗaya na roƙe ka," ta ce. "Sha. Ba ka iya ba. Wane bayani za ka ɗauko har Bukuru?"

Ta kama hannun mahaifinta suka tsallaka titi.

A cikin bas Baba Jang ya naɗe hannun rigarsa yana duba gwiwar hannunsa, ya duba ɗayan. Babu auduga, babu tabon allura.

"Datti ya yi mini ƙarya," ya ce a hankali. "Ba su ɗeba ba. To, dole in koma wani mako. Na ba su maganata."

Lai'atu ta juya ga taga, tana kallon jajayen tsibin ƙasar kuza suna wucewa. Ta san ba ta isa ta hana shi ba.

"Za ka koma," ta ce. "Ni zan riƙe ƙwayar, ni zan riƙe kunun. In hantsi ya yi ba su ɗeba ba, a gabansu za ka sha, ko sarkin Turawa suke jira."

Tsohon ya dube ta. Sannan ya sauke hannun rigarsa.

"To," ya ce.