Jirgin Kawu Sadi

Imrana Maiwada, kansila a ƙasar Bakura, shi ya kawo ƙudurin da ya hana masu jirgin fito ƙara kuɗin mai a kan kuɗin haye sai majalisa ta amince. Aka yi ta yabonsa. Fetur ya ci gaba da tashi, majalisar kuwa ba ta sake waiwayar maganar ba.

Wata Talata da damina ya zo bakin gulbi zai haye zuwa kasuwar Mafara. Jirgin da ya tarar na Kawu Sadi ne, wan mahaifiyarsa. Babu inji, tsohon da gora yake turawa yana haki.

Bayan sun gaisa Imrana ya ce, "Kawu, ina injin?"

"Shina gida, ɗana. Abin da muke karɓa bai sayen mai, kuma an ce kada mu ƙara sai kun zamna. Muna dai jiranku."

Babu faɗa a muryarsa. Matan da ke jirgin suka juyo suna kallon kansila, ya sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu zai karɓi gorar, tsohon ya hana, wai kada shaddarsa ta jiƙe.

Imrana bai shiga kasuwar ba, gidan shugaban majalisa ya wuce ya roƙi a kira zama. An amince da ƙarin a makon, amma don kunya sai da damina ta wuce ya iya zuwa gaida kawunsa.