Tafinta Ya Ce An Sallame Ka

…kuma daga bakinsa maganar ta fito. Bakin Ishaku, tafintan kotun majistare, da ya shekara goma sha shida yana juya Turancin alƙalai zuwa Hausa. An sallame ka. Yanzu ga Ishaku yana saukowa daga matakalar kotu, dariya na neman ƙwace masa. Dattijo da furfura, a gaban masinjoji?

Jika aka sallama. Jika ɗan daudu, mai tuwo a unguwar Rikkos, wanda 'yan sanda suka kamo da zane ɗaure a ƙirji, muciya a hannu. Namiji da shigar mata a bainar jama'a, in ji takardar tuhuma. Ishaku ne ya karanta masa ita, ko yawu bai haɗiye ba. Irinta nawa ya karanta a shekarun nan? Mutum nawa ya faɗa wa wata shida, da muryar nan tasa mai kama da ta rediyo…

Sai ga lauyar Jika, Ulonma, 'yar siririya, ba ta ko ɗaga murya.

"Kofur, a ina ka kama shi?"

"A tsakar gidansa."

"Katangar da ka haura, ta gwamnati ce?"

Kotu ta ɗauki dariya. Majistare ya cire tabarau ya ce tsakar gidan mutum ba titi ba ce, doka ta tsaya a bakin ƙofa. Ya juyo — tafinta, fassara. Ishaku ya fassara. Allah Sarki, ya fassara! Har na bayan taga sun ji.

Tsakar gidan mutum… Bot. Bot da ke kula da shanun madara a Vom, hannuwansa kullum da ƙamshin dusa. Shekara tara shi da Ishaku suna soyayya a ɓoye. "Ɗan'uwana ne," haka ake gaya wa maƙwabta, su kuma su gyaɗa kai. Ran nan Bot ya fito da guntuwar tsohuwar jarida daga aljihu: wai a Ingila sun sassauta dokar hana namiji neman namiji tun shekarar sittin da bakwai. "Masu ɗa sun sauke, mu muna ta goyo." Me Ishaku ya ce masa? Ƙona ta. Ƙona ta yanzu, a gabana. Bot ya ƙona ta.

Ga Jika can bakin titi, mata sun kewaye shi da guɗa. Ya hango Ishaku, ya tako, ya ɗan rusuna.

"Malam tafinta, yau kam muryarka ta fita."

Jika ya dube shi, duban da ya ɗan daɗe. Ya sani? Tun yaushe? To, ya sani ɗin — sama ba ta faɗo ba.

Ɗaya sashen dokar, wanda ya shafi irin su shi da Bot, yana nan a littafi, ba wanda ya taɓa shi. Ɗaurin shekara goma sha huɗu. Ishaku ya san shafin kamar tafin hannunsa, gobe ma ana iya miƙo masa ya karanta wa wani. Gobe ke nan. Yau fa?

Ƙafafunsa sun kawo shi tasha bai shawarce su ba. Vom, Vom, saura mutum ɗaya! Asabar yake zuwa, kullum Asabar, da ƙunshin goro don a ce zumunci ne. Yau Laraba, rana tsaka, hannunsa wayam. Ma'aikata duk suna gona, za su ga ya shigo, za su tambayi me ya kawo shi…

Ƙafarsa ɗaya tana cikin mota. Ya yi wa duniya tafinta, ga shi ba shi da kalma ko ɗaya ta kansa.