Hannun Daman Sa'adiya

Duk matar da ta taɓa miƙa wa Sa'adiya hannu, tun daga Tasawa har Gidan Amumune, ta san abu biyu game da ita. Ba ta son a yi motsi in tana zane, kuma nata hannun na dama ko ɗigon lalle ba a gani a kansa. Na hagu kullum a cike yake da furanni har gwiwar hannu, don shi ne tallarta. Na dama kuwa shi ke riƙe da ledar lalle, ba yadda za a yi ya zana kansa.

Ba ta da shago. Shagonta wata tsohuwar jaka ce mai ƙamshin mahallabiyya, a ciki akwai garin lalle da ta tankaɗe da ɗankwali, da lemun tsami, da sukari, da ledojin da take naɗewa kamar ƙaho ta huda bakinsu da allura. Mijinta Ƙadri ɗan kabu-kabu ne, shi ke kai ta duk inda aka kira. Ya sauke ta ƙofar gidan biki, ya wuce tasha ya yi jigilar 'yan kasuwa, in ta gama ta yi masa bip a waya ya dawo. Da an sa gero rumbu sai aure ya ɓarke ko'ina, sai ka ga Sa'adiya ta wuni a duƙe kan tabarma, ƙafar amarya kan cinyarta, ƙawaye na gardamar wa za a fara yi wa, wannan na tura mata hoto a waya tana cewa irin wannan take so, tsofaffi na cewa su dai a yi musu ƙunshin da, na tafin ƙafa baki ɗaya, ban da wannan rubuce-rubucen na yara.

Sana'ar ta gado ce. Mahaifiyarta, Inna Sa'adatu, da ƙafa ta yi nata yawon, tana yi wa 'yan mata shasshawa, zanen nan na allura da baƙin tukunya da ba ya fita har a mutu. Da mutane suka bar yi sai ta koma lalle. Shasshawarta ta ƙarshe a wuyan hannun daman Sa'adiya ta yi ta, wata 'yar ƙafar zabo mai yatsu uku, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Kuma duk Salla, duk biki, Inna ce ke zana wannan hannun. Daga ƙafar zabon take farawa, reshe ya fito daga kowane yatsa ya hau bayan hannu, kamar zabon ne ya taka ya bar furanni. Tun da Inna ta rasu hannun yake haka.

Wannan kakar sai ga auren Hanan, ƙanwar Sa'adiya, autar Inna, a Mayahi wajen kawunsu. Sa'adiya ce za ta zauna mazaunin uwa, ita ce kuma za ta yi wa amarya lalle ranar Alhamis. Ana saura kwanaki Hanan ta kira ta a waya. Ta yi zancen atamfa, ta yi zancen gara, sannan muryarta ta canza.

“Yaya, in kika zo da hannun nan haka, ni ma haka za a kai ni. Ba ni miƙa maki nawa sai na ga naki. Na rantse.”

Sa'adiya ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce amarya ba lalle ai abin magana ne har jikoki. Hanan ta ce ta sani, shi ya sa ta rantse. Ta ce ba za ta iya kallon hotunan aurenta ta ga hannun wadda ta zame mata uwa a ɓoye cikin mayafi ba. Duk wanda ya san autar Inna ya san ba ta janye magana.

Ƙadri yana tsakar gida yana zuba isansi, wato fetur, a moto daga kwalba, ya ji komai. Shi dama mutum ne da zuciyarsa ta fi bakinsa yawan magana.

Washegari, da ya sauke ta gidan wani biki a Kona, bai tafi tasha ba. Ya fita bayan gari ya zauna gindin wani gawo, ya ciro wata ledar lalle da ta yi saura, wadda ya zare daga jakar tun da safe. Ya shimfiɗa hannunsa na hagu kan gwiwa. A lissafinsa zai ɗan gwada ne ya ga ko hannunsa zai iya, ya wanke tun bai kama ba. Sai layi ya ja layi. Wannan ganyen bai yi ba, bari a ƙara wani. Har inuwar gawon ta gusa daga kansa bai sani ba. Da ya zuba ruwa ya goge, sai ga furanni jajur tun daga wuyan hannu har yatsu. Haɗin Sa'adiya ba ya jiran kowa. Ya dirje da ƙasa, ya dirje da isansi, furannin suka ƙara kyau. Ya shiga kasuwa hannu cikin aljihu, ya sayi safar hannu baƙa irin ta masu moto.

A can gidan bikin kuwa, Sa'adiya ta haɗu da Kadijatu, wata mai lalle 'yar garin, wadda hannunta ke da kyau ƙwarai. Da suka gama da amarya sai Sa'adiya ta daure, ta miƙa mata hannun dama, ta kau da kai. Kadijatu ta ji daɗin wannan girmamawa. Ta dubi ɗan baƙin zanen da ke wuyan hannun, ta ce irin na mutanen da ne, kar ta damu, yanzu za ta ɓatar mata da shi. Ta ɗora masa wani ƙaton fure, ta rufe shi ruf. Ba laifinta ba ne. Duk wadda ta taɓa gwadawa haka take yi, a ganinta taimako ne. Sa'adiya ta ce ta manta ba ta yi alwala ba, ta tashi ta shiga bayan ɗaki ta wanke tun yana ɗanye, hawaye na zuba a kan hannun tare da ruwan buta.

A hanyar komawa ta lura da safar. Rana na dukan mutum kamar ta fasa kai, shi kuma ya rufe hannu. Ya ce hannun moto ne ke ƙona shi. Da suka zo cin tuwo ya cire ta dama ya bar ta hagu, ta ce to yanzu kuma kwanon ne ke ƙona shi? Ya ce sabo yake yi. Alwala ma sai ya ɗauki buta ya zaga bayan rumbu. Da wani lokaci ne da sai ta ga ƙarshen zancen, amma ranar hankalinta na Mayahi.

Laraba aiki ya kai su Gidan Amumune, inda Ƙadri ke da gwaggo, a nan za su kwana su wuce Mayahi da safe. Azahar ta same shi a tasha, cikin 'yan kabu-kabu, buta ɗaya ke zagawa, babu rumbun da za a ɓuya bayansa. Ya yi jinkiri har aka fara sahu. Attahiru, abokinsa tun suna koyon tuƙi, ya miƙo masa butar ya tsaya kansa. Ƙadri ya zare safar.

Attahiru ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya ya ce wa jama'a a yi haƙuri a jinkirta salla, amarya ba ta gama shiri ba. Tasha ta ɗauka da dariya. Wani ya tambayi sadaki, wani ya ce shi zai kai ta ɗaki kyauta, ba ya karɓar kuɗin isansi. Ladan da kansa sai da ya rufe baki da hannun riga. Ƙadri ya yi alwalarsa a natse, kunnuwansa na zafi, ya shiga sahu. Mai furar da ke zaune bakin tasha ba ta jira an sallame ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi gidan biki.

Labari ya riga shi isa. Sa'adiya na kan yatsun amarya na ƙarshe mata suka dinga shigowa suna dariya, suna cewa ashe har maigida take yi wa, nawa take karɓa wajensa? Karo na farko a aikinta ita ce ta yi motsi, amarya ta ce mata ta tsaya cik.

Ta same shi a zaure, ya mayar da safar, yana kallon ƙasa kamar wanda ya ɓatar da akuyar mutane.

“Malam, cire ta in gani.”

Ya cire. Ta kama hannun ta juya shi wajen haske, yadda take duba aikin masu koyo. Ta ce nan ya matse leda da yawa. Ta ce wannan ganye ne ko kunnen jaki? Dariya na cin ta tana dannewa. Sai idonta ya sauka wuyan hannun, dariyar ta tsaya. Ya zana ƙafar zabo mai yatsu uku, a daidai inda tata take, kuma duk furannin nan karkatattu daga yatsun zabon suka fito.

“Wa ya nuna maka daga nan ake farawa?”

“Ba kowa,” in ji shi. “Hannun nan kullum yana bisa kafaɗata, a madubin moto nike ganin shi. Kuma ai na ga Inna na yi, Sallarmu ta fari. Ina gyaran taya ina kallo. Ta ce zabon ba a taka shi, bin shi ake.”

Sa'adiya ba ta taɓa jin wannan maganar daga bakin Inna ba. Ashe Ƙadri ta gaya wa, shi kuma ya ajiye shekara da shekaru, bai san ranar amfaninta ba. Ta saki hannunsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tsaya bai san abin da zai yi ba, sai ya ce in ba ta so shi ke nan, dama gwaji ne. Daga cikin mayafin ta ce ya je ya nemo lemun tsami, nata ya ƙare.

Washegari da hantsi suka zauna tsakar gidan Gwaggo. Ta sabunta zanen hannun hagu da kanta, sannan ta miƙa masa ledar, ta ɗora hannun dama kan matashi. Ta sa an ajiye kwanon ruwa kusa da ita, shi ma ya san na mene ne. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mutumin da ke ratsa yashin Gulbin Kaba da buhu biyu da fasinja bai taɓa jin tsoro irin na wannan 'yar ledar ba. Ya yi bisimilla, ya sa bakin ledar a yatsan zabon na tsakiya, ya ja.

Reshen farko ya tafi daidai. Na biyu ma. Tana gaya masa ya sassauta, ya ɗaga, ya numfasa mana, ba nutso yake ba. Gwaggo na daga bakin murhu tana cewa ita dai ta ga zamani. A reshe na uku wata kaza ta yi tsalle ta bi ta kan tabarma, hannunsa ya zame, ganyen da ya kamata ya yi siriri ya zama wani dunƙule kamar ƙosai.

Ya ajiye ledar. Ya jawo kwanon ruwan a hankali ya tura gabanta, bai ɗago kai ba.

Sa'adiya ta dubi dunƙulen. A sana'arta ba ta taɓa barin irinsa a hannun kowa ba. Ta dubi zabon Inna, yana nan a fili, baƙi, an kewaye shi an ba shi hanya.

“Zuba wa kazar ta sha,” ta ce. “Ta yi aiki ita ma. Ci gaba.”

Da ya gama, hannuwanta biyu duk ɗanyu ne, kuma Mayahi na jira. Ya ɗaure jakar a gaba, ya gyara mata mayafi, ya ba ta fura a baki da ludayi, Gwaggo na yi musu tsiya. Ta hau moto ba inda za ta kama. Ta jingina da bayansa, ta buɗe hannuwa biyu a iska su bushe. Safar kuwa a kan turmin Gwaggo ya bar ta. Da suka bi ta tasha Attahiru ya rangaɗa guɗa irin ta mata, ya ce yau amare biyu a moto ɗaya. Ƙadri ya ɗaga masa hannun hagu, furanni na sheƙi, ya wuce a hankali, yana kauce wa kowane rami kamar yana ɗauke da ƙwai.

Hanan na bakin ƙofar ɗaki a gidan kawu, hannuwanta a naɗe cikin zane. Ba ta gaishe da yayarta ba sai da ta ce a nuna mata. Sa'adiya ta kankare busasshen lallen ta miƙa. Hanan ta bi reshen da yatsa tun daga zabon har ta zo kan dunƙulen, ta tambaya wace mai lalle ce ta yi wannan ƙosan. Sa'adiya ta ce wata sabuwa ce, tana waje tana duba mai a moto.

Hanan ta yi dariya har ta koma kuka. Ta zauna kan tabarma ta zaro hannuwanta ta ɗora kan cinyar yayarta. Sa'adiya na huda bakin leda ta ji ta ce a hankali, ita Inna ba ta yi mata zabo ba, an bar yi kafin a haife ta.

Sa'adiya ta juya wuyan hannun ƙanwarta. Ta ɗiga lalle, ta ja yatsu uku ƙanana.

“Kar ki motsa,” ta ce.