Ragon Filin Dunnaby

Clive Dunnaby, direban bas, ya daɗe yana bincike bai sami mai irin sunan gidansu ba. Daga shi sai 'yarsa Bryony. Ga ta da tsohon ciki, kuma ta ce sunan gidan mijinta Gareth za ta sa wa jaririn.

Ran Lahadi ya matsa mata sai da ta shiga mota, wai ta ga asalinsu. Suka tsaya bakin wani fili, ruwa na yayyafi.

"Baba, ina garin?"

"Ga shi kina kallo. Waɗancan tuddan, gidaje ne. Wani Dunna ya kafa ƙauyen, haka kakana ya faɗa."

"Ni ciyawa nake gani, da kashin tumaki."

Ransa ya ɓaci. Tun a hanya yake shirya maganar, ga shi ta watse. Ya ce mai ƙasar ne ya ga gashin tumaki ya fi manoma riba, ya tashi ƙauyen kaf. Mutanen suka bazu, ba su tsira da komai ba sai sunan.

"Wato tumaki suka kore mu? Shi ne sunan da za a ƙaƙaba wa ɗana? Kullum a waya sai na jero baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya!"

"Ke dai ba a gaya miki magana!"

Ya haura shinge a fusace, ya hau tudun da ya fi girma. Can wani ƙaton rago ya ɗago kai, ya ja da baya.

"Baba, gudu!"

Clive bai gudu ba, ya tsaya. "Sau ɗaya ake korar mu," ya ce.

Ragon bai saurara ba. Ya kai masa karo, sai ga Clive zaune cikin taɓo, hula ta yi nata wuri. Bai tashi ba, bai kuma bar tudun ba, har ragon ya gaji ya koma kiwo.

Bryony ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. "Taso, tsoho mai taurin kai. Zan sa masa sunan. Amma kai za ka yi wa Gareth bayani."

"Ki rubuta shi daidai," in ji Clive, yana dafe da ƙugu. "Kada wani ya cinye mana baƙi ɗaya."