Ina Kaka Laraba Ta Tafi?

Kaka Laraba ta rasu a tsakiyar daminar 1992, gero ya fara fitar da kai. Ƙauyensu yana bakin tafki kusa da Wara, cikin gidajen da aka gina wa mutane bayan ruwan Kainji ya cinye tsohon garinsu. Ta bar 'ya'ya maza biyu: Musa, wanda ya musulunta tun yana saurayi, da Elijah, ɗan Katolika, mahaifin Deborah. Ita kuwa tsohuwar ba ta bi ko ɗayansu ba. Har ta koma ga Mahalicci tana kai farar kaza gindin tsamiya duk farkon shuka, yadda iyayenta suka yi.

A ɗakinta Deborah ta girma. Kakar ce ke tashinta ranar Lahadi kada ta makara coci, ita ke wanke mata ɗankwalin 'yan waƙa. Da Deborah ta gama sakandare aka ba ta karatun Littafi a gaban jama'a, tsohuwar takan zauna bisa kututture a waje tana saurare ta taga, ko da yake ba ta taɓa shiga ba.

Ranar rasuwar, liman ya ce ba zai sallace ta ba. Malam Joshua, katikis ɗin da ke riƙe da cocin ƙauyen in Fada, limamin Katolika, ba ya nan, shi ma ya ce ba za a kaɗa ƙararrawa ba, tun da ba ta da baftisma. Tsofaffi huɗu ne suka binne ta bisa al'adarsu, 'ya'yanta biyu suna tsaye nesa kamar baƙi.

Lahadin da ta biyo, Deborah ta roƙi Malam Joshua ya sa sunan kakarta cikin addu'ar matattu. Ya ce wannan jerin na masu bi ne.

"To, Malam, ina ta tafi?"

Ya jawo littafin tambaya da amsa, wanda Deborah ta haddace tun tana 'yar shekara tara, ya karanta mata abin da ya ce a kan baftisma. Ta ce ta san wannan, ba shi take tambaya ba. Matar da ta ciyar da marayu uku, wadda ba ta taɓa kwana da abin wani ba, Allah zai kore ta don ba a zuba mata ruwa a ka ba? Ya rufe littafin, ya ce bangaskiya ba gardama ba ce, ta je ta yi addu'a.

Abin ya ci gaba da damunta. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Ƙawarta Lami da sauran matasan cocin kusan kowa yana da kaka ko uba mai bin tsohuwar hanya, amma ba mai bakin tambaya. Fada kuwa rabonsa da ƙauyen wata uku, ruwa ya yanke hanya.

Ranar kasuwar Yauri ta shiga jirgin ruwa don ta je ta ga Fada a Yelwa, tare da Baba Musa, wanda zai kai bandar kifi. Sun yi nisa cikin tafki kafin ya tambaye ta abin da zai kai ta Yelwa. Ta faɗa masa. Sannan ya ce shi ma ya yi irin wannan tambayar a wajen nasu malaman, an ce ya bar wa Allah.

"In sun ba ki amsa, ɗiyata, ki taho mani da ita," in ji shi.

A gidan Fada ta tarar da mutane sun fi ashirin suna jira. Fadan sabon zuwa ne daga kudu, Hausarsa ba ta nuna ba tukuna. Sai bayan azahar ta same shi, yana ɗaure jaka a bayan babur, an kira shi wajen wani mara lafiya a Shanga. Ta zayyana masa komai a tsaye, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ya saurara sosai. Ya ce Coci ba ta hana a yi wa kowa addu'a ba, kuma ba ta taɓa cewa wane yana wuta ba. Jinƙan Allah ya fi abin da mutane suka sani.

"Amma inda take, ban sani ba," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ya yagi takarda ya rubuta wa Malam Joshua layi uku. Deborah ta buɗe baki za ta tambaye shi me ya sa ba haka aka koya musu ba, kuma wa zai faɗa wa sauran. Ya riga ya tayar da babur.

Da ta koma ƙauye ta kai wa Malam Joshua takardar, ya karanta. Ranar Lahadi ya ambaci sunan Laraba a ƙarshen jeri, da murya ƙasa-ƙasa, har na baya ba su ji ba. Daga nan ya sanar cewa daga yau wani ne zai riƙa karatun Littafi.

A gida mahaifinta ya rufe ta da faɗa, wai ta tsallake dattijo ta kai ƙararsa, ta ja masa abin kunya. Mahaifiyarta ta yi ta lallashinta kwana uku. Don darajarsu ta je gonar Malam Joshua ta durƙusa, ta ce ya yafe mata tafiyar da ta yi ba da saninsa ba, amma tambayarta tana nan.

Ya jingina fartanyarsa. Ya ce tasa uwar ma haka ta mutu, ba baftisma, shekara goma sha tara ke nan, kuma bai taɓa kiran sunanta a coci ba, don wanda ya koyar da shi ya ce ba a yi.

"Yanzu da layi uku za a ce mani da can ma babu laifi?" in ji shi. "Wa zai biya ni shekarun nan?"

Deborah ta miƙe ta kama hanyar gida. Ta zo da fushinta, ta koma da shi, sai dai yanzu ba ta san kan wa za ta sauke shi ba. Bai mayar mata da karatun ba, ita ma ba ta roƙa ba. Baba Musa da ta kai masa amsar Fada, kai kawai ya gyaɗa, ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Sai bayan an gama yankan shinkafa Fada ya iso ƙauyen. Ya ji ikirarin zunubi tun safe, ya yi Mas, ya yi wa jarirai talatin da ɗaya baftisma, ya ɗaura aure biyu. Deborah da Lami da matasa bakwai suka jira shi a ƙofa, Lami riƙe da takardar da suka jera tambayoyinsu. Ya fito a gajiye, ya karɓa, ya cusa a aljihu, ya ce akwai wani ƙauye da ke jiransa, za su zauna in ya dawo.

A watan Janairu Deborah ta sami gurbi a kwalejin horon malamai, ta bar ƙauyen kafin ya sake zuwa.