Minti Huɗu na Batulu

Kwamfutar Malam Abdulwahab ta shekara goma sha uku a hannunsa, tun yana koyarwa a sakandare. Satin jiya sai ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki kamar ɓera a rumbu. Ya naɗe ta a tsohon rawani, ya hau Keke daga Ƙofar Kuyambana zuwa Tukur-Tukur, shagon Salisu mai gyaran kwamfuta, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa.

Salisu ya kara kunne, ya girgiza kai. "Malam, ma'ajiyar cikinta ce ke mutuwa, yau ko gobe. Sai dai a sami estanal, ma'ajiyar waje ke nan, mu kwashe abin da ke ciki tun tana numfashi."

Abin da ke ciki kuwa biyu ne. Na farko duk unguwa an san da shi: karatun mahaifinsa, marigayi Malam Jibril, na shekara tara, wanda ya juyo daga kaset ɗaya bayan ɗaya, kasusuwan kuma tuni suka lalace. Na biyu daga Allah sai shi. Wata rana yana gwada makirfo a ɗakinsa, matarsa Batulu ta shigo tana faɗan kunu ya huce, ya tsokane ta, ta fashe da dariya, na'ura kuwa tana ɗauka. Minti huɗu ne. Batulu ta rasu shekara biyu ke nan, ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, muryarta babu ita a ko'ina sai nan.

Salisu ya jera estanal uku a tebur. Ta farko 'yar mitsitsiya ce mai gudun tsiya, amma bakin wayarta na zamani ne, ko kusa bai shiga ramin tsohuwar kwamfutar ba. Ta biyu ƙatuwa, sai an jona ta da soket, wutar Zariya kuwa ba a yin alkawari da ita. Malam ya ɗauki ta ukun ya jujjuya a tafin hannu, bai san abin da ake dubawa ba. Mutumin da ya shekara talatin yana gyara wa yara amsa, yau ga shi yana kallon bakin ɗalibinsa.

"Wannan ce daidai da ita," in ji Salisu. "Ko wadda ta fi jirgi gudu ka kawo, ƙofar kwamfutar nan ƙarama ce, tafiyarta za a bi. Awa shida. Kuma gaskiya ban tabbata za ta kai ba. Da wanne za mu fara?"

Ga fayil ɗin muryar Batulu nan a gefen allon, ba suna, lamba kawai. Malam ya dube shi. Ya dubi mutum biyu da ke zaune a benci suna jiran gyara, ɗayansu ma yana bin sa salla. Shi da bai taɓa kiran sunan Batulu a gaban mutane ba tana raye, ta yaya zai ce wa ɗalibinsa a fara da dariyar matarsa kafin karatun ubansa? Kunya ta riƙe masa harshe.

"Fara da karatun mahaifina," ya ce. "Ai shi ne gaba."

Aka fara. Wani koren layi ya shiga jan ciki a allon, ƙas-ƙas ɗin na ƙaruwa. Malam ya ce a ransa, da mutanen nan sun tashi zai yi magana. Suka tashi, wasu suka zauna. Ya je ya yi la'asar ya dawo da niyya, ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yaya wajen iyali?" Ya ji haushin kansa ƙwarai, amma haushin bai buɗe masa baki ba.

Wajen ƙarfe biyar layin ya tsaya. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Salisu ya kashe ya kunna, ya kwance bayanta, ya jona ma'ajiyar a wata kwamfutar. Shiru.

"Ta tafi, Malam. Amma alhamdu lillahi, karatun shekara bakwai ya tsira. Akwai wani abu muhimmi da ya rage?"

"Wani ɗan abu ne. Bai fi minti huɗu ba."

"Minti huɗu? Ai da ka faɗa tun farko, kafin ka ƙifta ido ya shige."

Malam ya miƙe. Ya naɗe kwamfutar da estanal ɗin a rawani, ya yi godiya, ya fito. Bai tare Keke ba, da ƙafa ya nufi gida. Duk hanya yana ƙoƙarin tuno yadda take cewa kunu ya huce, yana maimaitawa a ransa, amma har ya shiga Ƙofar Kuyambana muryarsa kawai yake ji.