Mai Hoton Keita a Tseren Moto

Shekara ashirin Gado ya yi yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa a shagonsa da ke garin Keita, kuma maganarsa ɗaya ce ga kowa: "Kada ka motsa." Da 'yan kabu-kabun garin Garhanga suka shirya tseren moto, wato babur, bayan girbi, shi suka kira.

Ya kafe a bakin fili kamar turke, ya riƙe numfashi yadda ya saba. Moto ya wuce, ya danna. Da ya duba, babu komi a hoton sai jar ƙasa da rabin taya. Sau tara ana haka, har ya fara zagin kamarar.

Wani tsohon maharbi, Ɗanlami, yana zaune gindin aduwa yana kallonsa. Ya ce, "Malam, ka taɓa harbin zabo a sama?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Ai na gani. Zabo ba ya jiran kowa. Tun daga nesa za ka kama shi da ido, ƙugunka ya juya tare da shi. Ko ka saki kibiya, kada hannu ya tsaya. Kuma koma kwanar hanya, can masu tseren suke rage gudu."

Gado ya koma kwanar. Ya bi moto na gaba da dukan jikinsa, ya danna bai tsaya ba. Matuƙin ya fito tar, har haƙoransa, jama'ar bayansa kuwa sun narke kamar an shafe su da hannu.

Ya daɗe yana kallon hoton. Shekara ashirin yana hana mutane motsi, ashe shi ne ya tsaya wuri ɗaya.